Manyan Gidajen Ingila: Sarautar Da Takobi Ya Haifa

A ƙasar Ingila akwai wasu manya-manyan littattafai guda biyu da ake ji da su, ɗaya ana kiransa Debrett, wanda asalinsa ya faro tun 1769, ɗayan kuma Burke, wanda aka fara bugawa a 1826. Aikinsu iri ɗaya ne, wato jera nasabar gidajen sarautar ƙasar: wane ya haifi wane, ya auri 'yar wane, ya gaji sarautar a shekara kaza. Har wata hukuma ta musamman gare su a birnin Landan, wadda aka kafa tun 1484, babban aikinta shi ne tantance nasaba da tambarin kowane gida. Sarautun nan hawa biyar ne: Diyuk shi ne a sama, sai Makwis, sai Erl, sai Baikaun, sannan Baron, kuma ban da Diyuk, sauran huɗun da laƙabin Lod ake kiransu.

Duk wanda ya buɗe irin waɗannan littattafai zai tarar da abu guda yana ta maimaituwa shafi bayan shafi. Kusa da sunan ɗa namiji za a rubuta Kyaftin ko Manjo ko Kanar, a rubuta sunan rundunarsa, a rubuta yaƙin da ya halarta, sau da yawa kuma a rufe da cewa an kashe shi a fagen fama. Daga nan ne masu yabon waɗannan gidaje suke ɗauko maganarsu cewa wai jarumta a jininsu take, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To amma in aka bi diddigin tarihi, za a ga cewa tsari ne aka shirya da gangan, na gado da kuɗi da makaranta, wanda ya riƙa mayar da 'ya'yan gida hafsoshi ƙarni bayan ƙarni. Za a kuma ga cewa littafin nasabar nan rabin lissafi kawai ya rubuta, ɗaya rabin an bar shi a binne a ƙasashen mutane.

Asalin abin

A shekarar 1066 wani basarake daga Nomandi ta ƙasar Faransa mai suna Wiliyam ya tsallako teku ya ci Ingila da yaƙi. Da ya zauna daram, sai ya ƙwace filaye daga hannun masu su ya rarraba wa manyan mayaƙansa, bisa sharaɗin duk ranar da ya buga tambarin yaƙi kowa zai kawo masa adadin mahaya dawaki da aka yanka masa. A 1086 ya sa aka ƙidaya ƙasar kaf, gona da garma da dabba, aka rubuta a kundi. Ke nan tun ranar farko fili ladan yaƙi ne, sarauta kuma shaidar fili ce.

Gidan Howard misali ne. An naɗa John Howard Diyuk na Norfolk a 1483, bayan shekara biyu aka kashe shi a yaƙin Bosworth. Ɗansa Thomas ne ya karya rundunar Sikotilan a Flodden a 1513. Wani ɗan gidan, Charles Howard, shi ya jagoranci jiragen ruwan Ingila da suka tari na Sifen a 1588. Haka gidan Percy na Arewacin Ingila: an kashe musu Harry Hotspur a Shrewsbury a 1403, an kuma kashe Diyuk na tara na Northumberland a Beljiyam a 1940, tazarar shekara fiye da ɗari biyar.

Sai dai a nan mai karatu ya tsaya ya lura da kyau. Zuriyar maza ta gidan Percy ta ƙare tun 1670. Wani mutum ne mai suna Hugh Smithson ya auri magajiyar dukiyar gidan, ya ajiye sunan ubansa ya ɗauki na Percy a 1750, aka naɗa shi Diyuk a 1766. Haka ma gidan Churchill: John Churchill, Diyuk na farko na Marlborough, bai bar ɗa namiji ba, sarautar ta bi ta hannun 'ya'yansa mata ta faɗa gidan Spencer, sai a 1817 suka sake manna wa kansu sunan Churchill. Ashe igiyar nasabar da ake tutiya da ita ta sha tsinkewa, ana ƙulla ta da aure da takardar izinin sarki. Abin da bai taɓa tsinkewa ba shi ne fili da dukiya da tsarin da ke tsare su.

Babba ya ci gida, ƙanne su nufi bariki

Al'adar gadonsu ita ce babban ɗa namiji ya kwashe komai, sarauta da gida da gonaki, domin kada dukiya ta rarrabu ta yi rauni. To ina ƙannensa za su nufa, alhali an raine su a kan cewa fatauci da sana'ar hannu ƙasƙanci ne ga ɗan babban gida? Ƙofofi kaɗan aka bar musu: aikin coci, aikin lauya, sojan ruwa, da sojan ƙasa. Da daula ta faɗaɗa sai aka ƙara musu ta biyar, wato mulkin ƙasashen da aka mallake. Saboda haka kowane babban gida ya zama tamkar masana'anta, kowace zuriya tana fitar da samari biyu ko uku waɗanda ba su da gadon komai sai suna, kuma hanyar da za su yi arziki ita ce a yi yaƙi.

Arthur Wellesley, wanda duniya ta sani da Diyuk na Wellington, irin waɗannan ƙanne ne. Ɗan Erl na Mornington ne, amma ba shi ne babba ba. Ya shiga soja a 1787, a 1793 kuma ya zama Laftanar Kanar mai riƙe da bataliya guda yana ɗan shekara 24, alhali ko ƙarar harsashin abokin gaba bai taɓa ji ba. Da kuɗin da wansa Richard ya ranta masa ya sayi muƙamin. Bayan 'yan shekaru wan ya zama Gwamna Janar na Indiya, ƙanen kuma yana cikin hafsoshin da suka afka wa Seringapatam a 1799, inda aka kashe Sultan Tipu yana kare birninsa, sannan aka ba ƙanen riƙon garin. Wa yana ba da umarni daga ofis, ƙane yana zartarwa da igwa. A 1814 aka naɗa shi Diyuk, a 1815 ya karya Napoliyon a Waterloo, ƙasa ta saya masa katafaren gida da gonaki, a 1828 ya zama Firayim Minista.

Muƙamin soja a kasuwa

Wannan sayen muƙami ba a ɓoye ake yinsa ba, doka ce, har da jadawalin farashi. A sojan ƙafa, ƙaramin hafsa mafi ƙanƙanta Fam 450 ne, Laftanar Kanar kuma Fam 4,500, a lokacin da kurtu yake karɓar sule ɗaya a rana. Wannan farashin gwamnati ke nan, amma a bayan fage ana ninka shi. Lod Cardigan ya biya abin da ya kai kimanin Fam 40,000 kafin ya samu riƙon rundunar sojan doki guda ɗaya.

Dalilin tsarin a fili yake. A 1649 rundunar Cromwell, wadda aka naɗa hafsoshinta bisa ƙwazo, ta sa aka fille kan Sarki Charles na ɗaya. Tun daga nan masu fili suka ɗauki darasi cewa takobi ba zai sake fita daga hannun masu dukiya ba, domin wanda yake da abin asara ba ya juyin mulki. Wato an fifita amincin aljihu a kan iya aiki, talakan kurtu kuwa shi ya biya farashin da ransa.

A Janairun 1842 Janar William Elphinstone, jikan wani Lod, tsoho mai fama da ciwon gaɓɓai wanda rabonsa da fagen yaƙi tun Waterloo, ya fito da rundunar mamaya daga Kabul ta ƙasar Afganistan, sojoji kimanin 4,500 da mabiya kimanin 12,000. A cikin duwatsu da ƙanƙara mayaƙan Afganistan suka gama da su, Bature ɗaya tak, wani likita, ya isa Jalalabad a kan dokinsa, shi kuwa Janar ɗin a hannun waɗanda suka kama shi ya mutu. Bayan shekara goma sha biyu, ranar 25 ga Oktoba 1854, a Balaklaba ta yankin Kirimiya, Lod uku suka haɗu suka yi wata ɓarnar. Lod Raglan, autan Diyuk na Beaufort, ya aiko da umarni mai harshen damo. Lod Lucan ya karɓa ya miƙa wa Lod Cardigan, wanda surukinsa ne amma ba sa ga maciji da juna, don haka babu wanda ya tsaya ya tambayi ɗan uwansa abin da ake nufi. Aka tura mahaya kimanin 670 kai tsaye cikin bakin igwogin Rasha, fiye da ɗari suka mutu, wasu da dama suka jikkata, ba tare da an ci ko taku ɗaya ba. Dukkansu ukun nasabarsu ta cika shafi, amma nasabar ba ta karanta musu taswira ba. Sai a 1871 gwamnati ta soke sayen muƙami, shi ma sai da Majalisar Lod-Lod ta yi turjiya aka bi ta takardar umarnin Sarauniya.

Soke sayen bai buɗe ƙofa ga ɗan talaka ba. Albashin hafsa a manyan rundunoni, musamman masu gadin sarki da sojan doki, bai isa ya sayi kayan sarki da doki da abincin ɗakin hafsoshi ba, dole sai mai tallafi daga gida. Hanya kuma ta zama ɗaya: makarantar kwana mai tsada irin su Eton da Harrow, daga nan kwalejin soja ta Sandhurst, daga nan rundunar da uba da kaka suka yi aiki.

Sunayen garuruwan mutane a jikin sarauta

Ba dukkan gidajen ne tsofaffi ba. Daula ta riƙa haifar sababbi, kuma al'adarsu ita ce a liƙa wa sabon Lod sunan wurin da ya ci da yaƙi. Mai karatu ya bi jerin nan a hankali. Clive na Plassey, domin ya karya Nawab Sirajud Daula na Bengal a 1757. Napier na Magdala, domin ya ƙone sansanin Sarki Tewodros na Habasha a 1868. Wolseley na Alƙahira, domin ya murƙushe Ahmad Urabi a Masar a 1882, kuma shi ne dai ya ƙone Kumasi a 1874, a yaƙin da Kyaftin Glover ya jawo sojojin Hausa cikinsa. Roberts na Kandahar. Kitchener na Khartum. Allenby na Megiddo a Falasɗinu, wanda ya shiga birnin Ƙudus a Disambar 1917. Garuruwan da mutane suke zaune a cikinsu, suke da kaburburan iyayensu, sun zama ado a bayan sunan wani a Landan.

Yaƙin Umdurman na ranar 2 ga Satumba 1898 ya isa a gane yadda abin yake. A wannan safiya bindigogi masu jigida da igwogi suka kashe mayaƙan Ansar na Sudan fiye da dubu goma, a ɓangaren Ingila da Masar kuwa waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba. Su wane ne a wurin? Akwai Lod Edward Cecil, dogarin Kitchener, ɗan Lod Salisbury wanda shi ne Firayim Minista a lokacin. Akwai Hubert Howard, ɗan Erl na Carlisle daga waccan zuriya ta Howard, wanda ya zo a matsayin ɗan jarida, harsashin igwar mutanensa ya kashe shi. Akwai kuma wani ƙaramin hafsa, Winston Churchill, jikan Diyuk na bakwai na Marlborough, wanda aka haifa a fadar Blenheim, gidan da aka gina wa kakansa na farko tukuicin yaƙin 1704. Sai a zama na uku ya ci jarrabawar shiga Sandhurst, kuma da hanyar mahaifiyarsa da manyan da ta sani ya samu gurbi a wannan yaƙi. Bayan nasara aka rushe hubbaren Mahadi, aka watsa ƙasusuwansa a kogin Nilu, Majalisa kuma ta ba Kitchener tukuicin Fam 30,000 bayan sarautar Baron.

Shi ma Lugga da ya ci ƙasar Hausa ta wannan tsani ya hau. Ɗan limamin coci ne da aka haifa a Madras ta Indiya a 1858, ba shi da sarautar gado. Ya bi ta Sandhurst, ya yi yaƙi a Afganistan da Sudan da Bama, sannan rundunarsa ta ci Kano a Fabrairun 1903, ta ci Sakkwato a Maris, ta cim ma Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a Yuli, ta shafe Satiru a 1906. A 1928 aka naɗa shi Baron. Ya mutu a 1945 bai bar ɗa ba, sarautar ta mutu tare da shi, amma iyakokin da ya shata suna nan.

Gaskiya ɗaya da ba za a ɓoye ba

Adalci ya wajaba ko a kan wanda ba a so. Waɗannan gidaje ba su ɓoye 'ya'yansu a ɗaka sun tura na talakawa kaɗai ba. Lod Roberts ɗa namiji ɗaya ya rage masa, aka kashe shi a Colenso ta Afirka ta Kudu a 1899. Allenby ma ɗansa tilo ya mutu a fagen fama a 1917. Gidan Grenfell sun rasa Robert a Umdurman, suka rasa ƙannensa tagwaye, ɗaya a 1914 ɗaya a 1915. Lod Salisbury jikoki maza goma ya bari, biyar suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, cikinsu har da ɗan wancan Edward Cecil. Makarantar Eton kaɗai ta rasa tsofaffin ɗalibanta 1,157. A wannan yaƙi kimanin kashi 12 cikin ɗari na kurata ne suka mutu, amma na hafsoshi ya kai kimanin kashi 17, domin ƙa'idarsu ƙaramin hafsa shi ke fara fita daga rami. A 1943 Diyuk na shida na Wellington da kansa aka kashe a Italiya.

Wannan shi ne sirrin da ya sa talakan Ingila ya daɗe yana sara musu duk da zaluncin rabon arziki. Wanda ya ci moriyar mulki an ga jininsa a ƙasa ranar biyan bashi. Duk masu mulkin da suke hura wutar faɗa alhali 'ya'yansu suna can nesa cikin kwanciyar hankali, ko wannan mizani na 'yan mulkin mallaka ba su kai ba. Amma jarumta daban, gaskiya daban. Ɗan fashi ma yana iya zama marar tsoro, rashin tsoronsa kuwa ba ya halatta masa kayan da ya ƙwace. Mutuwar Robert Grenfell a Umdurman ba ta amsa tambayar abin da ya kai shi Umdurman ba.

Sunayen da ba a rubuta ba

Kowane ɗa da waɗannan gidaje suka rasa an san sunansa, da ranar haihuwarsa, da inda ya faɗi. An sassaƙa shi a bangon cocin ƙauyensu, an rubuta a allon makarantarsa, an adana wasiƙunsa. To ina sunayen mutum dubu goma na Umdurman? Ina jerin waɗanda suka kwanta a Burmi tare da Sarkin Musulmi? Bar ta waɗanda aka yaƙa, hatta baƙaƙen da suka ɗauki bindiga da kaya domin Ingila ba a ga sun cancanci suna ba. Rundunar da ta ci Kano Turawan cikinta 'yan tsiraru ne, sauran duk 'yan Afirka ne. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta fitar da rahoto da kanta, ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a hidimar Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya, akasarinsu 'yan Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu ba ko kuma ba a yi musu wata alama ba sam, kuma adadin yana iya kaiwa 350,000. Ministan tsaron ƙasar ya nemi gafara a gaban Majalisa, bayan shekara fiye da ɗari.

Ƙarfin siyasar gidajen ya ragu ƙwarai. Harajin gado da aka kafa a 1894 ya ci gonakinsu, dokar 1911 ta karya ikon Majalisar Lod-Lod, dokar 1999 ta kori masu kujerar gado ta bar 92 kacal, a 2024 kuma gwamnati ta gabatar da ƙudurin cire ragowar. Amma al'adar ba ta mutu ba. Yarima Harry, wanda ta wajen mahaifiyarsa 'yar gidan Spencer nasabarsa take komawa ga wancan John Churchill na 1704, ya bi ta Eton da Sandhurst, ya je Afganistan sau biyu tsakanin 2007 da 2013, a littafinsa na 2023 kuma ya ce mutum 25 ya kashe. Adadi ya bayar, bai ba da suna ko ɗaya ba.

Saboda haka matashin da ya ji ana kiran Lod wane na gari kaza, kada ƙyallin sunan ya ɗauke masa ido, ya tambaya me aka yi wa mutanen garin. Kada kuma ya raina abin da ya ba su galaba, domin ba tsafi ba ne: sun tarbiyyantar da 'ya'yansu a kan manufa ɗaya tun suna ƙanana, sun jure biyan farashi, sun kuma rubuta komai sun adana. Wannan na ƙarshe shi ne mafi sauƙin koyi kuma shi aka fi sakaci da shi. Har yanzu akwai tsofaffi a garuruwan Hausa da suka ji daga bakin kakanninsu wane ne ya bi Attahiru gabas bai dawo ba, wane aka ɗauka soja aka kai Kamaru ko Bama. Duk tsohon da ya rasu ba a rubuta abin da ya sani ba, wani shafi ne na wancan rabin lissafi ya tafi har abada, kuma Debrett da Burke ba za su taɓa rubuta shi ba. Allah Ya jiƙan waɗanda aka zalunta, Ya ba na baya ikon riƙe amanar sunayensu.